Zoben Rana da Baba Bai Gani Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi limanci a tsakiyar teku ba, ko da kuwa na so in manta, domin matata Saddiƙa ba za ta bari ba.

Lokacin ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, gwamnati ce ta turo ni, muna zaune a wani ɗan gidan bene a unguwar Taman Melati. Bincikena a kan wutar sola ne, saboda haka duk abin da ya shafi rana nakan ɗauke shi kamar gadon gidanmu. Ko zafi aka ce ana yi sai na yi wa mutane bayanin dalili (ba wanda ya taɓa tambayata, ni nake ba da kaina).

A shekarar ne surukina, mahaifin Saddiƙa, ya zo daga Kano aka yi masa aikin yanar ido. Baba muke ce masa. Tsohon ɗan kasuwar atamfa ne, ya haura saba'in, kuma ba ya ɓarnar magana. Tun ranar da na fara karatun nan yake kirana Dakta, da wata irin murya da har yau ban gane ba ko yabo ne ko tsokana. Idon hagu likita ya ce ya riga ya tafi, amma na dama ya buɗe tar. Sai ka gan shi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana shiga kantunan yadi ɗaya bayan ɗaya, ba sayen komai zai yi ba, launi kawai yake kallo yana murmushi shi kaɗai.

Ana cikin haka aka fara maganar za a yi husufin rana, irin wanda wata ke shiga tsakiyar rana ya bar gefenta yana haske kamar zobe. Ni kuwa abin nema ya samu. Muna cin tuwo na ɗauki faranti da murfin kofi na shiga bayani, har miyata ta huce. Baba ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce tun yana yaro ake husufi bai taɓa gani ba. A ƙauyensu da rana ta fara kamawa kakarsa take kora su ɗaki ta ja ƙyaure, sai dai su jiyo ana kaɗa gwangwanaye a waje, manya kuma suna leƙa ƙwaryar ruwa. Da ya girma kasuwa ta ɗauke masa hankali, da ya tsufa ido ya rufe.

“In ina da rabo,” in ji shi, “ina so in ga wannan ayar da idon nan kafin shi ma ya gaji.”

Na bugi ƙirji na ce, “Baba, ka sa a ranka ka gani. Wannan fannina ne.”

A Kuala Lumpur zoben ba zai cika ba, ga gajimare ba shi da alƙawari. Amma akwai wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa da zai tashi daga tashar Port Klang ya gangara kudu, ya tsaya daidai inda zoben zai fito sosai. Na kama mana ɗaki. Na koma wurin likita ya tabbatar Baba zai iya kallo muddin ya sa baƙin tabarau na musamman. Na zana jadawali a takarda: tsakanin fara kamawa da fitowar zobe kusan awa biyu, shi kuwa zoben kansa minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. Wannan minti ukun na maimaita wa Baba shi ya fi sau ashirin.

Ranar da abin zai faru, tun da hantsi muka hau can saman jirgi muka kama kujeru uku a wuri mai kyau. Mutane duk sun sa gajeren wando da riga mai hoton kwakwa, ni kuwa na ci ado da farar shadda da hula zanna, na feshe jikina da turare (kada ku tambaye ni dalili, ni ma na tambayi kaina). Sama ta yi wasai, teku ya kwanta. Da lokaci ya yi na gyara wa Baba tabarau na kwali a fuska, ya ɗaga kai.

“Ikon Allah,” ya ce a hankali. “An gutsire ta ta gefe.”

Daɗi ya kama ni kamar ni na gutsire ta. Muka yi ta kallo tana raguwa kaɗan kaɗan. Can sai Baba ya cire tabarau ya ce, “Dakta, mutanen jirgin nan ba sa sallar kisfewar rana ne?”

Na duba agogo, saura minti hamsin zoben ya fito. Na ce akwai ɗan masallaci a ƙasa, surau suke ce masa, kuma na ji an yi sanarwar za a yi. Za mu je mu dawo da sauran lokaci mai yawa. Saddiƙa tana fashin salla, sai ta zauna gadin kujeru. Har mun juya ta kamo hannun rigata.

“Abban Hanan, ka riƙa duba agogo fa.”

“Haba Saddiƙa,” na ce, “ni za ki koya wa lokacin rana?”

Masallacin yana hawa tara ƙasa da inda muke, ba taga ko ɗaya, sai sanyin na'ura. Wajen alwala akwai layi, a nan minti goma suka tafi, a nan kuma na kwance agogona na jefa a aljihu. Muka tarar da mutum kamar talatin, yawancinsu 'yan ƙasar ne, kowa na tura ɗan'uwansa gaba ana dariya. Sai wani dattijo ya dube ni daga hula har ƙasa, ya dafa ƙirjinsa.

“Ustaz, boleh imam?” Wato malam, ko za ka ja mu?

Abin da ɗan mutunci zai yi a nan sananne ne. Zai ja da baya, ya nuna surukinsa, ya ce ga babba. Na dai waiwaya na dubi Baba, shi kuma ya ce, “Bismilla, Dakta.” Ban ko bari ya rufe baki ba na tsinci kaina a kan dardumar liman. Gaskiyar magana, shekara shida da auren Saddiƙa ina neman ranar da zan nuna wa Baba cewa boko bai cinye mini karatun allo ba. Ga shi Allah ya kawo ranar, har da 'yan kallo daga wata ƙasa. Dattijon nan ya maƙala mini 'yar ƙaramar makirfo a wuyan riga, na yi gyaran murya, na ji sautin ya zaga ɗakin ya dawo mini da wani amo mai daɗi. Daga nan hankalina ya yi sallama da ni.

Ga wanda bai taɓa yi ba, sallar kisfewa raka'a biyu ce, amma kowace raka'a tsayuwa biyu ce da ruku'u biyu, kuma an so a tsawaita. Malaman da suka koyar da ni, a asirce suke karatunta. Akwai masu bayyanawa, su ma da hujjarsu. Ni dai hujjata makirfo ce.

Na kabbara, na ɗauko sura mafi tsayi da na haddace, na lumshe ido. Inda ake jan harafi huɗu na ja shida. Inda aya ta yi mini daɗi a baki na maimaita ta. Jirgin yana ɗan lilo a hankali, ni ma ina lilo, ina jin kaina kamar wanda ake ɗauka a talabijin. Can na ji ana gyaran murya a bayana, daidai inda Baba yake tsaye. Na ce a raina, kai, karatun ya fara ratsa tsoho, kuka yake dannewa. Sai na ƙara karya murya. Aka sake gyaran murya, wannan karon mutum uku ko huɗu. Na ce to, yau sai na sa jirgin nan gaba ɗaya hawaye.

Ruku'un ma ban yi masa da wasa ba. Na ɗago na sake ɗauko wata doguwar. A cikin sujada na ji kamar takun ƙafafu da ƙarar ƙofa, na ɗauka masu makara ne suke ta shigowa don sun ji labarin limamin Nijeriya.

Ina tsakiyar tsayuwar farko ta raka'a ta biyu sai lasifikar jirgi ta yi ƙara, wata mata ta fara ƙirge da Turanci daga goma tana saukowa. Da ta kai ɗaya, wani irin ihu da tafi ya taso daga sama, ya ratso hawa tara ya same ni a kan darduma. Mutum dubu biyu suna sowa lokaci guda.

Gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan. Na san ko mene ne, ai ni na zana jadawalin. Ga sauran ruku'u biyu, ga tsayuwa, ga sujada, ga tahiya. Na datse surar a inda nake, na sunkuya, na ɗago, na kamo wata 'yar gajeriyar sura wadda 'yata Hanan take karantawa tana wasa da 'yartsana. Wallahi a aya ta biyu ta ɓace mini fes. Na koma farko, ta sake ɓacewa. Ɗakin ya yi tsit, sai sowar da ake yi a sama. Baba ne ya ciro ni, da muryarsa ta kullum, ba gaggawa, kamar yana gaya wa yaro farashin yadi.

Da na yi sallama na juyo, mutum uku na gani. Baba, da dattijon da ya sa ni gaba, da wani bawan Allah da nake zaton gwiwa ce ta hana shi gudu. Ashe takun da na ji na masu fita ne. Daga baya aka yi mini bayani cewa a mazhabarsu in liman ya tsawaita kuma mutum yana da uzuri, yana iya ware kansa ya ƙarasa sallarsa ya tafi. Baba bai taso da wannan ba. A wajensa in ka bi liman ka bi shi ke nan, balle a ce limamin mijin 'yarka ne, a gaban baƙi.

Baba ba ya iya hawa matakala, sai lif. Lif ɗin kuwa ya tsaya a kowane hawa, ƙofa ta buɗe, ba kowa, ta rufe. Ni da shi a ciki, ga madubi ta kowane gefe, duk inda na kau da kai sai in ga mai farar shadda.

Muka fito sama muka tarar haske ya fara dawowa. Mutane na rungumar juna, wata Baturiya tana share hawaye, wasu har sun nufi wajen abinci. Saddiƙa tana tsaye kusa da kujerunmu biyu da ba kowa a kai, ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ita ma ba ta kalli zoben kirki ba, rabin lokacin ƙofar lif take kallo.

Baba ya zauna, ya sa tabaransa da kansa, ya ɗaga kai. Rana ta koma kamar jinjirin wata.

“Dakta, saura minti nawa zoben ya fito?”

Ya sani sarai. Ina ganin so yake ya ji daga bakina. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, “Baba, ya wuce.”

“To. Yaushe zai sake zagayowa nan?”

“Da sauran shekaru, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon abin da ya rage. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar lokacin ba. Mutum yakan so ƙasa ta tsage ya shige, to ni ko ƙasar ma babu, sai ruwa, kuma ban iya iyo ba.

Kamar abin bai isa ba, sai ga dattijon nan ya biyo mu, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta zuba yabo da Turancinsa, wai muryata ta yi daɗi ƙwarai, wai bai yi nadamar tsayawa ba. Ina ta ƙoƙarin sallamarsa, Baba ya ce, “Me yake cewa?”

Saddiƙa ce ta fassara, kalma bayan kalma, ba ta rage mini ko ɗaya ba.

Baba ya cire tabarau ya ninke shi ya sa a aljihu. “Gaya masa gaskiyarsa ne, muryar akwai daɗi,” ya ce. “Sai dai ita ko ba a yi mini aikin ido ba, zan ji ta.”

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma gida, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tara masa hotuna da bidiyon zoben a waya, ya kalla ya ce masha Allah, ya miƙo mini abata. A Kano kuwa, in abokansa na kasuwa suka tambaye shi yaya husufin Malesiya, sai ya ce lafiya lau, ya saurare shi daga farko har ƙarshe.

Abin da na koya bai da yawa. Na kammala digirin, yanzu Daktan na gaske ne, ina koyar da ɗalibai yadda ake auna hasken rana. Amma in na shiga masallaci na ga ana waige-waigen wanda zai ja salla, sai in sunkuya in shiga gyaran takalmi har sai wani ya kabbara. In kuma ta kama dole, mutanen unguwarmu sun shaide ni, kafin mai tari ya gama tarinsa na yi sallama.