Yadda Za Ka Aurar Da 'Yar Da Ta Fi Ka Iya Gyaran Fanka

Kai uban yarinya, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari 'yarka za ta shiga ɗakin miji ba tare da surukai sun gano tana da wani amfani ba. An gwada su a kan wani dattijo da unguwa ke kira Mai Fanka, kuma sun yi aiki, illa wuri ɗaya ko biyu.

Ga matsalarsa a taƙaice. Idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, don haka duk fankar da aka kawo shagonsa autarsa ce ke gyara ta a ɗakin baya, shi kuma ya miƙa wa mai ita yana gyaran murya. Wani malamin makaranta ya kawo dutsen guga, ya leƙa, ya ga Auta da filaya a hannu, shi ke nan zuciya ta tafi. Ita ma tana so. Sai dai kawun malamin ne mai yanke magana, kuma ya rantse macen da ta san noti ba za ta shigo zuriyarsu ba. Auta kuwa tana son mijin, tana son akwatin kayan aikinta, ta ce ba za ta ajiye ɗaya don ɗaya ba.

Mataki na 1: Ka fara da hannuwanta

Surukai ba fuska suke fara kallo ba, hannu suke kallo. Mako guda kafin su zo a tsayar da sadaki, ka hana ta taɓa baƙin mai. A jiƙa yatsun a ruwan ɗumi safe da yamma. Tabon ƙunar dalma kuwa, a ce man suya ne ya fallatso. Ka riƙe wannan hikimar: ƙunar da mace ta samu a kicin ado ce, wadda ta samu a shago abin kunya.

Mataki na 2: Ka ɓatar da akwatin

Kada ka jefar, za ta daina yi maka magana. Mai Fanka ya rarraba kayan cikin kayan ɗakinta: sifana cikin cokula, filaya a tukunya ta uku, wayoyi an naɗe su a matashin kai. Mahaifiyarta ta ɗaga matashin ta ce, "Malam, wannan ai sai ya karya wa yaron wuya."

"Ki bari," in ji shi, "aure dama haƙuri ne."

Mataki na 3: Ka koya mata rashin sani

Wannan ya fi wuya, don hali zanen dutse ne. Ka zaunar da ita, ka kunna rediyo mai shaƙewa, ka tambaye ta me ke damunsa. Amsar da ake so ita ce, "Wallahi ban sani ba, sai abin da kuka ce."

Rana ta farko Auta ta ce waya ce ta saki. Rana ta biyu ta rufe baki, amma yatsanta ya nuna wurin. Sai a rana ta biyar ta iya kallon rediyon kamar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mai Fanka ya yi murna, sannan ya fita tsakar gida ya daɗe tsaye. Kai kada ka tsaya, ka wuce mataki na gaba.

Mataki na 4: Kada ka gyara komai da kanka

Nan ne dattijonmu ya yi tuntuɓe. Fankar silin ta falo tana ɗan ƙara, shi kuma ba ya son a ɓata hannun da aka sha wahalar wankewa. Sai ya hau kujera da kansa, ya lalubi noti, ya murɗa har ya ji ya gamsu. Kwancewa yake yi, yana zaton ɗaurewa.

Baƙi suka iso da azahar, zafi kamar a gasa mutum. Kawu, tsohon akawu mai tumbi da sanda, ya duba falon ya zaɓi kujerar da ke daidai ƙarƙashin fanka, don babba shi ke da iska. Aka gaisa, ya buɗe jawabi: mace ta gari ba a jin muryarta, ba a ganin gwaninta, in ta san abu ma ta yi ladabin mantawa. Malamin makaranta na gefe yana kallon takalminsa.

Fanka ta fara rangaji tana ƙiƙi-ƙaƙa.

Mataki na 5: In ta yi magana, ka yi tari

Auta ta shigo da ruwa, ta durƙusa, ta gaida baƙi. Kunnenta ya riga idonta. Mai Fanka ya ga kafaɗarta ta ƙage, ya san ta ji abin da shi bai ji ba.

"Baba," ta ce a hankali, "ko Kawu zai matsa kusa da taga? Can ya fi iska."

Mai Fanka ya yi tari yadda aka tsara. Kawu ya buga sanda. "Tun ba a ɗaura ba ta fara nuna mini wurin zama? Yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Garin siminti ya zubo daga silin a hularsa. A nan masana sun rabu biyu: wasu sun ce a ceci Kawu ko da asiri zai tonu, wasu sun ce a bar fankar ta faɗo, ai kawu ba ya ƙarewa a dangi. Mai Fanka ya auna kan Kawu, ya auna auren, ya sake aunawa. Sannan ya ce, "Auta, kashe ta ki hau."

Ta kashe, ta jawo tebur, ta hau a gaban maza biyar, ta zaro sukundireba daga cikin ɗankwalinta, ta aika a ɗauko mata sifana cikin cokula. Kafin Kawu ya gama karkaɗe hula, fanka na juyawa shiru.

Mataki na 6: Ka karɓi yabon, ka yi shiru

Ga albishir: ba wanda ya gani. Kawu ya juyo ya kama hannun Mai Fanka mai rawa ya ce, "Malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Gwani gwani ne." Sauran suka ce amin. Auta na tsaye kan tebur da sifana a hannu.

Abin da ya rage maka kawai ka ce na gode. Mai Fanka ya buɗe baki, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ba kunyar baƙi ba, kunyar 'yarsa.

"Yallaɓai, ba ni ba ne. Shekara tara ban gyara komai ba. Abincin da muke ci a gidan nan daga hannunta yake fitowa. In za ku ɗauke ta, da akwatinta za ku ɗauka."

Mataki na 7: Ka bar manya su sasanta

Baƙi suka fita ƙofar gida suka yi ƙus-ƙus har la'asar. Kawu ya dawo fuska a sake, ya ce an samu mafita. Akwati zai bi ta, za a buɗe mata shago. Sharaɗi ɗaya ne: allon shagon zai ɗauki sunan mijin, a rubuta Injiniya a gaba. Malamin makaranta, wanda ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba, ya ɗago zai yi magana, sandar Kawu ta taɓa ƙasa, ya koma kallon takalminsa.

Mai Fanka ya dubi 'yarsa yana neman ta ƙi. Tana goge sifana da gefen zanenta, ta ce, "Ba komai, Baba. Ai na saba aiki a ƙarƙashin sunan wani."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba alƙali ba, kuma ba ya gyaran fanka. In ka bi matakan nan aka ɗaura aure lafiya, yabon nawa ne. In kuwa bayan biki wani ya shigo shagonka rungume da fanka, ka karɓa, ka juya ka ƙwala kiran Auta, ka sake kira, mutumin na tsaye yana kallonka, to wannan tsakaninka da ita ne, babu hannuna a ciki.