Sanarwar Rasuwar Goggo, Kwamfutar Kusurwar Falo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da biron aro, Autar gidan nan ke sanar da rasuwar Goggo, tsohuwar kwamfutar kusurwar falo. Saura kaɗan Auta ta fasa rubuta wannan takarda, domin a aji huɗu na firamare aka cire ta don ta yi jinyar marigayiya Kaka, kuma mai gyara mata rubutu ita ce ta rasu. Duk wanda ya ga kuskure ya yi dariyarsa a hankali, gidan makoki ne.

Marigayiyar ta yi shekara goma sha ɗaya tana hidima. In an kunna ta sai ta ce "ƙiiit", ta yi tari sau biyu, fankarta ta kama gurnani, har mutum ya wanke kwanuka ya dawo bai tarar ta gama farkawa ba. Amma ba ta da gori. In Auta ta rubuta kalma ba daidai ba, sai ta ja mata jan layi ta yi shiru, ba ta kira kowa ya zo ya gani. Da haka Auta ta tara shafi ɗari biyu da tara na wani labari a cikinta, lokacin da mutanen gidan ke wurin aiki.

Ajalinta ya zo ta hannun Yaya Babba, mai digiri. Ya ɗura mata sabuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, alhali ya san ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga biyu ne kacal, kamar a ɗora wa tsohuwa buhu a ce ta hau bene. Kwana uku tana juya ɗan da'ira a allo. Ranar Laraba fuskarta ta yi shuɗi, ta ce "ɗif". Yaya ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda haƙarsa ta cim ma ruwa.

Ta rasu ta bar linzami mai ciwon danna hagu, da allon rubutu wanda harafin A ya goge, da firintar da ta haukace tun bara, da Auta.

Gawa ba ta huce ba aka zauna zaɓen magajiya a kan teburin cin abinci. Yaya ya nemi ram giga goma sha shida da kati mai ƙarfi na hoto, wai don aiki, kowa kuma ya san aikin wasan ƙwallon kwamfuta ne. Baba ya nemi allo mai faɗi saboda idonsa, da manhajar da ya saba, kada a sauya masa wurin maɓallai. Anti ta so siririya mai kyau a hoto. Umma ta ce ko wacce, in dai wayoyi ba za su hana ta shara ba. Auta tana tsaye da tire ta roƙi abu ɗaya: a zaɓi akwatin kwamfuta mai gurbin da zai karɓi tsohon faifan ajiyar Goggo. Yaya ya nemi sanin abin da 'yar aji huɗu ta ajiye, ko lissafin cokula ne. Anti ta yi dariya har ta ƙware, Auta ce ta miƙa mata ruwa. Aka zaɓi ƙaramin akwati a rufe ruf, ba gurbin ko allura. Aka tsara masu shiga mutum huɗu, kowa da lambar sirrinsa. Mutanen gidan biyar ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin ƙofa, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗora ta a sikeli. Ba a buƙatar kuka daga waɗanda suka ci nama a wurin zaɓe.

Ana sanar da masu ɗaukar gawa cewa za su ji ta da ɗan sauƙi. Washegarin zaman, da aka watse wurin aiki, Auta ta ari sukudireban Baba ta kwance ƙusa huɗu, ta ciro faifan, ta kai wa mai gyaran kwamfuta na bakin titi. Ya jona shi, lafiyarsa ƙalau. Shafukan suna nan. Akwai kuma wata jaka mai suna Aikin Ofis, da takardun sakamakon jami'a guda biyu a ciki: wadda makaranta ta ba Yaya, da wadda ya nuna wa Baba. Auta ta karanta duka biyun, karatunta ya kai nan.

Mai shagon da aka sayo sabuwar kwamfutar ya ce ana iya sauya akwati har zuwa Juma'a. Ana karɓar gaisuwa a kicin, Yaya ne farkon layi tun da ya ji an buɗe jakar Aikin Ofis.