Dokar Ta-ɓaci a Kan Iskoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban majalisar garinmu ba, ko da yake in don son raina ne da tuni na manta. Mutanen garin ma ba su ba ni dama ba.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, da lisans ɗina, wato digirin farko, na ilimin ƙasa a cikin jaka, aiki kuwa babu. Ƙauyenmu yana tsakanin Matankari da Dogon Dutsi, kuma akwai wani kwazazzabo da ruwan dutse ya haƙa a gabas da gari. Kowace damina sai ya ƙara faɗi. Ruwan ya daina zuwa yadda aka san shi: a yi sati uku ba ɗigo, ranar da ya zo kuma ya zo kamar da faɗa. Gonar Kawu Ɗanjimma, yayan mahaifiyata, ita ce a bakin kwazazzabon. Da geron wannan gona aka biya mini hidimar karatu, don haka ba sai na ce komai ba.

Manoma sun ji cewa in majalisar gari ta amince a rubuce cewa canjin yanayi ya kai matsayin gaggawa, masu proje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara, sun fi saurin zuwa su ɗaure bakin kwazazzabo da duwatsu da waya. (Ban tabbatar da gaskiyar wannan ba, kuma na faɗa musu ban tabbatar ba, har sau uku.) Suka ce in rubuta takarda. Na rubuta shafi bakwai da Faransanci, kowane layi da "mai yiwuwa" da "bisa ga dukkan alamu". Kawu ya ɗaga takardar, ya auna nauyinta a hannu, ya ce, "Wagga ta yi. Ko mer ba ya iya ture ta."

Ranar zaman majalisa muka je ofishin mer, wato magajin gari. Na sa rigar da na kare kundin lisans ɗina da ita a jami'a. Manoma suka tsaya a tagogi, Kawu a gaba. Da aka zo kanmu na miƙe na fara karantawa, sai magajin gari ya ɗaga hannu.

"Ɗan samari, rabin konseye ɗin nan ba su jin Faransanci. Yi muna da Hausa, kuma ka taƙaita."

Wallahi ban shirya wa wannan ba. Sati biyu ina gyaran waƙafi da aya, ban taɓa tunanin yadda zan faɗi maganar da harshen da aka haife ni a ciki ba. Da na ce "ruwa ya canza, kwazazzabo na cin gonaki", da an wuce wurin. Amma ni mai lisans ne. Na ga ya kamata in faro daga tushe, kada a ce na yi wa ilimi ha'inci.

Na ce, "To, asalin abin dai, a iya cewa, akwai wasu mugayen iskoki da ke tashi, galibi daga ƙasashen Turawa. Suna taruwa a sama. Su ne, bisa ga dukkan alamu, suke hana ruwa zuwa a kan lokaci. Shi ya sa muke roƙon majalisa ta kafa dokar ta-ɓaci a kansu."

Kowa a ɗakin ya zuba mini ido. Ni kuwa na ɗauka hujja ce ta kama su.

A Yamai, cikin aji, iska hayaƙin masana'antu ce. Amma a Arewa, yankinmu na Dogon Dutsi, nake tsaye, inda in ka ce iskoki yaro ma ya san da su wa kake. Wani dattijo konseye, wato ɗan majalisar gari, daga wajen Lugu, wanda gidansu ke riƙe da al'adar gargajiya, ya gyara zama.

"Yaro, waɗanne iskoki? Hwaɗi sunansu. Mu mun san namu, ba mu san na Turawa ba."

"Baba, ba irin waɗannan ba... wato, ba a ganinsu da ido."

"Yo da can ana ganinsu?"

Dariya ta fashe. Wani alhaji a gefe yana ta a'uziyya, yana cewa bai zo majalisa don a yi masa zancen bori ba. Maimakon in tsaya, sai na shiga gyara (ni da gyara ba a raba mu). Na ce, "Ba dukkan iskoki ne mugaye ba. Akwai wadda in babu ita, babu mai rayuwa a cikinmu."

Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa. "Yanzu ka yi magana! To don mi kake so a sa musu doka?"

Wata konseye, Hajiya mai sayar da atamfa, hawaye har a kumatu, ta ce, "Ranka ya daɗe, in an kafa dokar, zandarma za su kama su ko 'yan sanda?" Daga taga wani ɗan kabu-kabu ya jefo tasa: "Mu dai in dokar ta-ɓaci ce, kar a hana mu hawan babur kamar yadda aka yi a wasu wurare!" Wani kuma can baya, da muryar da ya tabbatar na ji, ya ce an kai yaro boko ya dawo ɗan iska.

Na dubi taga. Kawu kaɗai ne ba ya dariya. Ya cire hularsa yana murza ta.

Magajin gari ya bari aka dara har aka gaji, sannan ya ce tunda maganar ta shafi al'ada da addini da tsaro, tana bukatar nazari mai zurfi. An ɗage ta zuwa zama na gaba. Aka shiga batun rumfunan kasuwa, wanda aka yi awa biyu a kansa.

Zama na gaba bai zo ba, damina ta riga shi. Ruwan farko mai ƙarfi ya yanke kusan rabin gonar Kawu, da rumbu ɗaya, da gawon da kakanmu ya bari a tsakiyarta. Ni kuwa sunana ya koma Mai Iskoki. Har masu sayar da ƙosai.

Wata biyu ina tuhumar kaina. Sai wata rana a tasha na haɗu da sakataren ofishin magajin gari, abokin yayana ne. Ya ja ni gefe ya ce in daina cin raina, tun ana gobe zaman aka buga takardar sakamako, da "an ɗage" a gaban batunmu. Ko da bakin malamin jami'a na zo, amsar ke nan. Wai don in ji sanyi ya faɗa mini. Ban ji ba. Da can ina ganin ni na kashe maganar. Ashe ko wannan matsayin ban kai ba. Gawa suka kawo, ni na yi musu kiɗa.

Na je na faɗa wa Kawu, ina tsammanin zai wanke ni. Yana tsugune a bakin ramin, yana jera duwatsu da hannunsa. Bai ɗago ba.

"Na sani ba su yi. Amma da ka ce musu gonar Ɗanjimma ce ruwa ke ci, da sun ƙi muna da kunya. Kai ka sa sunka ƙi muna da dariya. Miƙo mini wancan dutsen."

Na miƙa masa. Abin da na koya, in har na koya: mai niyyar hana ka zai hana ka, amma kada ka kai masa abin nishaɗi. Yanzu in aka tambaye ni mene ne canjin yanayi, ba na farawa daga sama. Ina cewa mutum ya sa takalminsa, mu je gabas da gari.