Rasuwar Dattijo, Fayil Ɗin da Yaya Ya Bari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Dattijo, fayil ɗin kwamfuta da ya shekara goma sha ɗaya yana tsara jadawalin darussa a makarantar da matar Yayana ke koyar da lissafi. Ya cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburina, bayan jinyar kwana shida.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayi Yaya ne ya rubuta shi, ya dunƙule shi ya zama laburare, wato guntun da aka riga aka ƙera, wanda sauran manhaja ke jingina da shi. Ni na yi fuskar da malamai ke gani, Dattijo kuma yana daga ciki yana aikin wahala. Malamai talatin da biyu, azuzuwa goma sha huɗu, ɗakin gwaji ɗaya tak da kowa ke so a lokaci guda, amma bai taɓa tura mutum aji biyu a sa'a ɗaya ba. Ba shi da yawan magana. In ya gama sai ya yi ƙara sau biyu, tit, tiit, ta biyun ta ɗan fi tsawo, kuma Hedimasta yakan jiyo ta daga ofis ya taso da tabarau a hannu.

Ciwon ajalinsa ta hannuna ya zo, ba zan ɓoye ba. Makaranta ta sauya kwamfutoci, sababbin suka ƙi tsohuwar manhaja, sai na sabunta kayan aikina gaba ɗaya don in sake gina ta. Komai ya wuce lafiya har matakin ƙarshe, wajen linka, mai ɗinke guntaye su zama abu guda. Nan allo ya rine da ja: kurakurai ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne na cewa an kira suna, ba a ga mai shi ba.

An yi jinya bakin gwargwado. Na gyara hanyoyin fayilolin da suka sauya mazauni, kurakurai suka sauko casa'in. Na sake jera laburarorin, na gaba ya koma baya, suka zama arba'in. Zuwa safiyar Laraba saura tara, kuma taran nan duk sunaye ne da Yaya ya raɗa da kansa. Abokin aikina na teburin bakin taga ya leƙo ya duba, ya ce ai abin ba wuya, tsohuwar ƙira ce sabon linka bai gane ba, a ɗauko asalin rubutun a sake ƙera shi, aikin minti biyar ne. Asalin rubutun yana cikin kwamfutar Yaya, wadda ta mutu murus wata biyu bayan shi. Sau uku yana ce mini in zo in kwafa, sau uku ina cewa sai ƙarshen mako.

Makaranta za ta buɗe Litinin, ba ta jiran mai makoki. Na zauna na rubuta magaji cikin yini ɗaya da rabi. Ranar Alhamis na goge layin da ke kiran Dattijo, linka ya wuce sumul bai ce uffan ba. Ban taɓa jin zafi don aiki ya yi kyau ba sai ranar.

Washegari na kai wa matar Yaya sabon jadawalin a gida. Na tarar tana gugar kayan makarantar tagwayenta. Ta bi takardar da yatsa, ta tsaya a darasin farko na Litinin, inda sunanta yake. Ta ce shekara goma sha ɗaya ba a taɓa ba ta darasin ƙarfe takwas ba, ta ɗauka sa'a ce kawai, har malamai na tsokanarta wai kwamfuta ƙawarta ce. Sai muka tuna tare cewa lokacin da Yaya ya rubuta Dattijo, tagwaye suna goye, kullum da gudu take isa makaranta, ido jajir. Ta kashe dutsen guga, ta zauna a hannun kujera.

"Ashe shi ne," ta ce. "Ko sau ɗaya bai faɗa mini ba."

Na ce mata layi ɗaya zan ƙara wa magajin, komai ya koma yadda yake. Ta girgiza kai, ta ce yaran yanzu da ƙafarsu suke tafiya.

"Ki bar shi, ƙanwata. Wancan nasa ne."

Marigayi Dattijo ya bar jadawali talatin da uku a kabad ɗin Hedimasta, da magaji guda wanda ya fi shi sauri amma ba ya ƙara in ya gama, da tagwaye da ba su san ya taɓa yi musu hidima ba. Ya kuma bar ni, wadda har yanzu hannuna ke kai wa ga babban fayil ɗin da yake zaune a ciki.

Za a yi sallama da shi ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a falon matar Yaya. Ba za a goge shi ba. Za a kwafe shi cikin ƙaramar filash, a sa a gidan tabarau na Yaya, a ajiye a durowar da takardunsa suke. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambaya ko na gwada share komai in sake ginawa. Na gwada, sau bakwai. Wanda bai samu zuwa Asabar ba yana iya samun matar Yaya a makaranta ranar Litinin, amma ya bari sai bayan ƙarfe tara. Da takwas tana aji.