Rasuwar Tabarau a Ƙarƙashin Kujerar Falo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hazo, mai shagon fenti na bakin kwana yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tabaransa, wanda ajali ya cim ma ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin katifar kujerar falo.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar da furfura ta fara leƙowa, lokacin da mai gidan ya lura hannunsa ya gaza tsawo wajen riƙe takarda. Aikin marigayi na farko shi ne wani ƙaton littafi a kan ma'anar rayuwa bayan shekara arba'in. Sun shiga babi na ɗaya tare, sun fito tare, babu wanda ya gane komai, amma marigayi bai taɓa tona asiri ba. Yakan zauna a karan hanci da natsuwa irin ta masana, har baƙi su rage murya. Ba shi da yawan magana. Iyakarsa ɗan "ƙiii" idan an buɗe ƙafarsa ta hagu, sai "ƙwas" idan an rufe gidansa.

Babban aikinsa ya zo ne da 'yar gidan ta shiga sakandare, ta fara kwaso littattafai masu bangon dodanni da 'yan mata riƙe da takobi. Yarinyar da a da take tarar ubanta a ƙofa da surutu ta koma daga gaisuwa sai ɗaki, sai jan ƙofa. Hankalin uba ya tashi. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san abin da ya shiga kan yaro sabulu ba ya fitar da shi. Sai ya naɗa marigayi mai bincike. Duk littafin da ta ajiye ta tafi makaranta, sai sun bi shi layi-layi ana neman inda wani zai riƙe hannun wata. An samu, ba a rasa ba. An kuma samu wata marainiya mai kiwon dodon da ba ya iya tashi sama, kuma saboda ita bincike ya zarce har littafi na ƙarshe, masu sayen fenti suna tsaye a ƙofar shago suna buga waya.

Marigayi ya daɗe yana jinya. Ƙafar dama ta taɓa karyewa aka ɗaure da zare, gilashin hagu ya yi tabo, duk ya daure. Ranar da abin zai faru, mai gidan ya dawo gida da sunan ya manta makulli, ya zauna da littafin 'yarsa. Ya ji motsin ƙofa, ya zaci an taso su yarinyar da wuri. Ya cusa littafi da marigayi ƙarƙashin katifar kujera, ya koma gefe, ya buɗe ma'anar rayuwa a juye. Ashe uwar yara ce, da nata littafin na soyayya, ido a kan shafi. Ta zo daidai inda saurayi ya dawo neman gafara, ta faɗa kujerar da duk nauyin da Allah ya hore mata. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Ba ta ji ba, domin saurayin yana durƙushe.

Ya rasu ya bar gidansa na roba, da ƙyallen gogewa da bai taɓa aiki ba saboda bakin riga yana kusa, da rami biyu a karan hanci. Ya bar babi na biyu yana jira. Ya kuma bar uwar yara, wadda ta yi ta'aziyya da cewa wanda ya ɓoye abu a wurin zaman mutane shi ya kashe abinsa.

Wajen ɗauko gawa ne 'yar ta ga littafinta kwance kusa da mamaci. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi komai tsorata uban. Likitan ido ya ce sabon tabarau sai wata mai zuwa, don haka ita ke karanta masa yanzu. Da yamma takan jawo kujera kusa da shi kamar lokacin ƙuruciya, har da canza murya idan dodon zai yi magana. Sai dai takan kai wani wuri ta dakata, ta dube shi sama da ƙasa, ta juya shafi, ta ce nan ba na masu shekarunsa ba ne.

Za a yi jana'iza gobe da safe a aljihun teburin shago, tsakanin tsofaffin makullai da burushin da ya bushe. Ana karɓar gaisuwa a shagon, ba a gida ba. Duk mai tabarau na karatu, ko na kakarsa ne, ana roƙonsa ya zo da shi a aljihu ya miƙa a ɓoye wajen gaisawa. Mai makoki yana so ya ga abin da 'yar cikinsa ta karanta, ta yanke cewa ya fi ƙarfinsa.