Nomau da Mamatsai Shida

Sunan ƙauyen ya ɓace mini, haka ma shekarar. Akwai wani labarin jaki a tsakiya, shi ma ya tafi. Amma Nomau kam ban manta shi ba.

Gidansu mutum uku ne: shi, da tsohuwarsu Inna Gaje, da wansa Shekarau mai walda, wanda ke aiki a rumfar ƙofar gida. Nomau ya haura talatin, ga ƙarfi, ga ladabi. Sai dai duk abin da aka faɗa masa, haka zai ɗauka, ba ragi ba ƙari. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kada a tura shi gonar kawunsu, can nesa da Inna. Shekarau kuwa ya sha ambaton haka.

Wata rana Shekarau ya dawo daga kasuwa da mamatsai shida masu araha, irin ƙarafan nan da ake murɗawa su damƙe ƙarfe biyu kafin a yi walda. Ya ce, "Aikinka ke nan. Abin da ka ga yana motsi, matse shi." Da azahar iska ta kaɗa ƙyauren zaure, Nomau ya matse shi da ginshiƙi. Liman na ciki, ya zo duba Inna.

"Nomau, buɗe mini, lokacin salla ya yi!"

"Allah gafarta Malam, motsi yake yi."

Wata rana Shekarau zai fita, ya matse tagar da yake haɗawa, ya ce, "Masu arahar nan sukan saki da kansu. Kada ka ɗauke ido daga kansu. Wanda ya sassauta, murɗa shi." Nomau ya zauna ya zuba musu ido. Hadari ya taso, ruwa ya jiƙa sandunan walda da ke bayansa, akuya ta cinye masa tuwo, bai waiwaya ba. Shekarau ya dawo ya riƙe kai.

"Saura ɗaya, Nomau. Ka ƙara ɓata mini aiki, sai gonar Kawu."

Inna ta sake zubo masa tuwo.

Wata rana mutanen gari suka ba Shekarau aikin ƙafafun da za a ɗora tankin ruwa a kai. Ya jera ƙarafa, Nomau ya matse su. Shekarau ya ce, "Kada ka kwance ko ɗaya sai na ce." Yana cikin walda injin ya mutu, ya tafi birni neman kayan gyara, ya kwana huɗu. Mutanen gari suka gaji da jira. Suka duba, suka ce ai an gama, suka kinkima suka kafa, suka ɗora tanki suka cika shi.

Mai unguwa ya ce wa Nomau, "Cire tarkacen nan, sun ɓata wa abin kyau."

"Ranka ya daɗe, Yaya bai ce ba."

"To ni na ce."

"Kai ba Yaya ba ne."

Aka yi ta dariya. Shi kuwa kullum da safe sai ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa, mata masu ɗiban ruwa suna tambayarsa ko 'ya'yan nasa sun kwana lafiya.

Shekarau ya dawo ya tarar da kayan aikinsa suna tsatsa a bainar jama'a. Ya zo a fusace, ya hau, ya kai hannu kan na farko. Sai ya tsaya. Ƙarafan gicciye na baya ba su ga walda ba ko ɗigo. Mamatsan nan ne kaɗai ke riƙe da su, ga tanki cike a sama, ga mata da yara a ƙasa. Ya sa aka janye mutane, aka zubar da ruwan, ya gama aikinsa. Ya kwance biyar da hannunsa.

Nomau ya ce, "Yaya, in kwance na shidan? Ko in je in haɗa kayana?"

Shekarau ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Je ka gida. Inna na jiranka."

Bayan shekaru tafiya ta bi da ni ta wurin, na ratse don in tabbatar ba ƙwaƙwalwata ce ta ƙara gishiri ba. Tankin na nan. Na shidan ma yana nan, ya yi ja da tsatsa. Na taɓa shi da hannuna, a matse yake tam. Mata suka ce mini Nomau bai daɗe da tafiya ba, yakan zo da hantsi. Har yau Yaya bai ce ba.