Rasuwar Koyuki, Bishiyar Ƙofar Gidanmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Fumie, matar marigayi Okabe Tokuji na unguwar masu rainon itatuwa a Angyo, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Koyuki, bishiyar ado irin wadda ake kira momiji, da ke ƙofar gidanmu. Rai ya yi halinsa ranar Talata, tana da shekara talatin da ɗaya.

Duk wanda ya san ta ya san ganyenta: kore mai yayyafin fari, bakinsa ja-ja kamar kunnen jariri. Mijina ne ya tsinci reshenta cikin dubban tsiro, ya yi masa aure da saiwar momiji gama-gari. Babu irinta ko'ina, kuma bai taɓa ba kowa reshe ba, don rowarsa a kan itace ba ta jin magani. Marigayiyar ba ta da hayaniya. In iska ta kaɗa sai dai ka ji shuu, a hankali.

Irin wannan bishiya dokarta ɗaya ce. Duk reshen da ya fito kore zalla, a datse shi tun yana ɗanye, in ba haka ba ya shanye mata ruwan jiki. Tokuji ne ke wannan aikin duk bazara. Shekara uku da suka wuce ya rasu, kuma ranar addu'ar kwana arba'in da tara da ake yi a al'adarmu na ga ɗan tsiro kore a gindinta, ƙasa da wurin auren. Na ɗauko almakashi, na mayar. A raina na ce Tokuji ne ya leƙo ni.

Ƙanin mijina Genzo ya gani, ya riƙe baki.

"Matar Yaya, ɓarawo kike kiwo a gindin nan. Miƙo almakashin."

Na ce, "Taɓa shi ka gani. Yayanka ne ya aiko shi."

"Yaya? Mutumin da ko gaisuwa sai an roƙa? Da yana nan da tuni ya datse shi, ya haɗa miki da faɗa."

Ko shayi ban ba shi ba ranar.

Koren ya yi ta tashi, ita Koyuki tana ramewa. Bara farin ganyenta ya ƙone tun kafin kaka. Bana rassa biyu kawai suka yi toho. Ɗaya ya bushe, Genzo ya yanki na ƙarshe ya aurar da wata saiwa, bai kama ba. Shekara arba'in ina gidan nan, na san dokar sarai. Ni na kashe ta, kuma aikin mijina ya bi ta.

Ta rasu ta bar ni, da Genzo wanda har yau bai ce "ai na faɗa miki" ba, abin da ya fi yi mini ciwo, da koren nan da ya kai rufin ɗaki.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe. Genzo zai yanke busasshen jikin daidai wurin auren, a ƙone a bayan gida, a binne tokar. Akwai shayi da alewar shinkafa. Kada a kawo furanni.

Masana sun ce a tone saiwar gaba ɗaya. Ban yarda ba. Tokuji ne ya dasa ta da hannunsa, kuma cikin abin da ya taɓa ita kaɗai ke da rai. Masu ta'aziyya za su tarar da koren a tsaye. Wanda ba zai iya kallonsa ba ya kau da kai, ni dai zan ci gaba da ba shi ruwa.